Yadda ake zaɓar yadin kujerun teburin cin abinci, mataki-mataki

Tambayar wane yadi ya dace da kujerun teburin cin abinci ta yi ta zuwa mini har na daina ƙirgawa. Wata kujerunta sun tsufa, wata ledar nata ta fara ɓarewa tana manne wa mutane a kaya, wani kuma kayan ɗaki yake haɗa wa 'yarsa, kafinta ya ce a kawo yadi, ya rasa wanda zai ɗauka. Da yawa sukan turo hoton yadi biyu ko uku su ce in zaɓar musu. Haƙuri nake ba su, domin ba a gane yadin kujera a hoto. Sai an taɓa shi, an ja shi, an ɗiga masa irin abin da zai riƙa zubar masa.

Duk gida babu kujerar da ke shan wahala kamar ta cin abinci. A kanta miya ke ɗiga, a kanta yaro ke durƙusawa ya miƙa hannu cikin kwano, kullum ana ja ana turawa. Ga yadda nake bi. Ku bi matakan a jere, don kowane mataki ya dogara ne kan wanda ya gabace shi.

1. Su wa za su zauna a kai?

Kafin ku taka kasuwa, ku gaya wa kanku gaskiya game da gidanku. Gidajenmu da yawa akwai teburin, amma a ƙasa ake cin abinci, kan tabarma ko kafet, kujerun ba sa ganin mutane sai an yi baƙi ko da Sallah. Irin wannan gida yana iya bin abin da ido ke so. Wani gidan kuwa yara huɗu ne ke karyawa a kai kullum kafin su tafi makaranta, da yamma su dawo su baje littattafai da biro. A nan ƙarko da sauƙin gogewa ne a gaba, kyau ya biyo baya.

Sai ku lissafa abin da ke zuba. Abincinmu ta hanya biyu yake ɓata yadi. Akwai mai maiƙo: manja, man gyaɗa, man shanu, romon nama. Akwai mai rini: zoɓo, shayi, miyar tumatir, kori. Ku riƙe wannan rabon, za mu dawo kansa a mataki na 4, saboda yadin da ke jure ɗaya ba lallai ne ya jure ɗayan ba.

Sannan ku dubi inda teburin yake. In kusa da taga ne, inda rana ke faɗowa, koɗewa ce abin tsoro. In fanka kaɗai ɗakin ke da ita, ku tuna da zafin Maris da Afrilu, lokacin da zama kan leda ke jiƙa wa mutum kaya da gumi. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke shigowa ko an rufe ko'ina.

2. Ku kifa kujerar ku duba

Ku kifa kujera ɗaya. Idan kun ga sukuru a kusurwoyi huɗu suna riƙe da allon mazauni, aikin ya zo da sauƙi: ana kwance allon, a sake masa yadi, a mayar, ko a gida ana iya yi. Idan kuwa yadi ne ya lulluɓe mazauni da majingina gaba ɗaya, da ɗinki a gefe, wannan aikin mai gyaran kushin ne, kuma yadin da zai ci ya ninka fiye da sau biyu.

Ku girgiza ta. In ƙafa na rawa, a fara kai wa kafinta ya ɗaure. In kun ga garin katako na zubowa daga ƙananan huji, ƙwaro ne a ciki, a magance shi tukuna.

Sai soso. Ku danna da tafin hannu. In kun ji katako, ko ya daɗe bai taso ba, ko yana marmashewa kamar busasshen burodi, to ya mutu. Sabon da za ku saya, kauri inci 2, wato santimita 5, ya wadatar. Ingancin soso da nauyinsa ake gane shi: ana rubuta lamba mai nuna kilo nawa ne a mita ɗaya ta kowane ɓangare, kuma na mazauni ya kamata ya kai 30 ko kusa da haka. Ga hanya mai sauƙi ta tabbatarwa: yanki mai santimita 45 tsawo, 45 faɗi, 5 kauri, in na 30 ne zai yi wajen giram 300 a ma'aunin kicin. In kun ga bai kai giram 200 ba, mara nauyi aka ba ku.

Gargaɗi: kada a ɗora sabon yadi kan mataccen soso don a rage kuɗi. Yadin zai saki ya yi tattara, kuma gefen katako zai riƙa cin sa daga ciki har ya huje.

3. Awo da lissafin yadi

Kayan aikin nan kaɗan ne: tef ɗin tela, biro da takarda. Ku auna faɗin mazauni a inda ya fi faɗi, domin yawancin kujeru gabansu ya fi bayansu buɗewa. Sai ku auna daga gaba zuwa baya. Kowane gefe ku ƙara santimita 10, wanda zai zagaye soso da allo ya naɗe ta ƙasa.

Misali, mazauni mai 45 da 43 zai buƙaci yanki mai 65 da 63. Yadin kujera galibi faɗinsa santimita 137 zuwa 140 ne, wato inci 54 ko ɗan fiye. Ke nan mazauni biyu za su fita gefe da gefe. Kujera shida layi uku ne, kowane layi santimita 65, jimla 195. Yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗoriya, don haka yadi biyu da rabi ya isa. Ni uku nake saya, ragowar a ajiye don ranar da kujera ɗaya za ta lalace.

Masu majingina mai soso gaba da baya, ku yi lissafin yadi ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi kowace kujera, wato takwas zuwa tara na guda shida. Amma a nan ku bar mai aikin ya auna da kansa ya faɗa, a gabanku.

A kula: wannan lissafi na yadi mara zane ne. In akwai babban fure da kuke so ya faɗo tsakiyar kowace kujera, sai an riƙa tsallake wani wuri wajen yanka. Ku auna tazarar da ke tsakanin fure da fure, ku ƙara aƙalla yadi ɗaya. Kuma ku tambayi mai sayarwa da yadi yake aunawa ko da mita, don tsakaninsu akwai kusan santimita 9.

4. Wane irin yadi?

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

*Foliyesta mai saƙa a matse.* Shi ne mafi yawan abin da za ku tarar a shagunan kayan kushin, kuma ga gida mai yara shi nake fara nunawa. Yana jure guga, ba ya saurin koɗewa, kuma ruwa ba ya shigarsa nan take: in zoɓo ya zuba aka yi sauri, yawanci yana fita. Rauninsa maiƙo. Zaren roba yana riƙe mai, don haka ɗigon manja in ya kwana sai an yi da gaske. Haka kuma garwashi ko tartsatsin kaskon turare na narkar da shi nan take ya bar huji. A cikin danginsa akwai mai laushin nan da 'yan kasuwa ke kira suwed, zarensa siriri ne ƙwarai kuma a cushe, shi ya sa ɓarɓashin abinci ba ya samun wurin shiga. Sai dai in an goge wuri ɗaya da ruwa yakan bar shaci, gara a goge mazaunin gaba ɗaya.

*Leda.* Babu abin da ya kai ta sauƙin gogewa: manja, miya, tsumma ɗaya ya gama. Amma iri biyu ce, kuma dole ku bambance. Akwai ta PVC, mai ɗan tauri da sheƙi, irin ta kujerun gidan abinci da na mota. Ba ta shan ruwa, tana daɗewa, illarta zafi da gumi, kuma in rana ta daɗe tana dukanta sai ta bushe ta tsage. Akwai ta PU, mai laushi kamar fata ta gaske, wadda ta fi jan ido a shago. Ita zafi da laima ne ke ruɓar da fuskarta, sai ta fara ɓarewa.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na sayi wata mai ruwan madara a wani shago, mai shagon ya tabbatar mini fata ce. Ba ta cika damina biyu ba gefen gaba ya fara tsattsagewa, daga nan ta shiga ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ranar da wata baƙuwa ta miƙe da farin ɓarɓashi manne a baƙar abayarta na ji kunya ƙwarai, washegari aka kwance su duka. Tun daga nan, in leda za a sa, mai kauri nake nema, wadda bayanta ke da saƙaƙƙen yadi mai ƙarfi, kuma sai na lanƙwasa ta sau da yawa a wuri ɗaya na ga ko za ta yi farin layi.

*Fata ta gaske.* Tana iya kai shekaru masu yawa, kuma tana ƙara kyau da tsufa. Ku juya bayanta: fata ta gaske bayanta gashi-gashi ne na nama, ba saƙa, kuma tana da warinta. Ta shanu ake sa wa kujera. Jar fatar akuya da aka san Sakkwato da Kano da ita ta fi dacewa da jaka da tumtum, don ƙarama ce, sau da yawa sai an yi haɗi kafin ta rufe mazauni. Fata na shan maiƙo ta yi duhu a wurin, kuma hunturu na busar da ita, sai an riƙa shafa mata man fata.

*Karammiski.* Shi amare suka fi so, kuma gaskiya yana ƙawata ɗaki. Na foliyesta yana da ƙarko fiye da yadda ake zato. Matsalarsa ƙura da ɓarɓashi suna shigewa cikin gashinsa, tuwo ko shinkafa in suka bushe a ciki sai an bi da buroshi. Ga teburin da ba a cika zama ba, ba laifi. Ga gida mai ƙananan yara, ku sa shi a majingina, mazauni kuma a sa leda ko foliyesta mai launi ɗaya da shi. Wannan haɗin yana ba da kyau da sauƙi a lokaci guda.

*Auduga da lilin.* Sun fi kowa sanyin zama, ba sa sa gumi. Amma suna shanye ruwa nan take, zoɓo da shayi kuwa rini ne a wurinsu. Ban cika ba da shawarar a buga su a jikin kujera ba. In ana so, a ɗinka su a matsayin riga mai igiya ko zif da ake cirewa a wanke.

*Atamfa da saƙi.* Ana yawan tambaya. Atamfa ta sutura ce, siririya ce, in aka buga ta kai tsaye gefen gaba zai koɗe ya yage da wuri. In kuna sonta, a wanke ta tukuna don ta gama shiga, sannan a manna mata yadin gam irin na teloli ta baya, ko a shimfiɗa wani yadi mai kauri a ƙarƙashinta. Faɗinta bai kai na yadin kujera ba, bai wuce santimita 120 ba, don haka mazauni ɗaya ke fita a layi. Turmi ɗaya mai yadi shida zai ishi kujera shida har da saura. Saƙi kuma, wurin haɗin ƙwaryoyinsa ne ke fara buɗewa in an ja shi da ƙarfi, shi ma sai da yadi a ƙarƙashi.

Gargaɗi: kada ku yarda a ba ku yadin labule a matsayin na kujera. Yana da kyau, sau da yawa ya fi arha, amma don ya rataya aka yi shi, ba don a zauna a kai ba. In kun ga bandir mai faɗin kusan santimita 280, na labule ne.

5. Launi da zane

Fari da ruwan madara kowane ɗigo sai ya nuna. Baƙi da shuɗi mai duhu kuma ƙurar hunturu suke tonawa, ku share da safe, kafin azahar sun yi fari. Abin da ya fi rufa asiri shi ne launi na tsaka-tsaki mai gauraye: ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro, ko saƙar da aka haɗa zare kala biyu zuwa uku. Ƙaramin zane ya fi babba ɓoye tabo, kuma ya fi sauƙin yanka.

Mai ratsi-ratsi yana da kyau, amma in mai aikin ya ja gefe ɗaya fiye da ɗaya, layin zai karkace, kuma duk wanda ya shigo zai gani. Sai a hannun wanda ya ƙware.

Kada ku yanke hukunci a ƙarƙashin fitilar shago. Ku fito da yadin bakin ƙofa ku gani a hasken rana. In da hali, ku tafi da hoton teburin da aka ɗauka da rana, da ƙyallen labulen ɗakin.

6. Gwaji a cikin shago

Manyan kasuwannin yadi irin su Kantin Kwari a Kano, mafi yawan kayansu na sutura ne. Yadin kujera a wajen masu sayar wa masu kushin kaya ake samunsa, inda ake sayar da soso da gam. Ku tambayi mai aikinku inda yake saye, amma ku je da kanku.

In bandir ɗin ko littafin samfur yana da takarda, ku nemi abu biyu. Na farko lambar Martindale: na'ura ce ke gugar yadin har zare ya fara tsinkewa, a ƙirga sau nawa ya jure. Ƙasa da 10,000 na ado ne kawai. Daga 15,000 zuwa 25,000 na zaman gida ne na yau da kullum. Kujerar da ake ci a kai kullum, ku nemi 25,000 zuwa sama. Kayan Amurka wani gwajin suke rubutawa mai suna Wyzenbeek, a can 15,000 ya isa aikin gida mai yawa, don haka kada a gwama lambobin biyu. Na biyu harafin wanki: W ana gogewa da ruwa da sabulu, S ba a sa ruwa sai maganin wankin bushe, WS duka biyun, X kuwa buroshi kaɗai. S da X ba na teburin abinci ba ne.

Yawancin abin da ke kasuwanninmu ba shi da takarda, sai ku koma ga hannu da ido:

Ku ɗaga shi ga haske. In kuna hango haske ta tsakanin zare, saƙar a sake take. Ku karce shi da farce da ɗan ƙarfi. In zare ya goce ya bar hanya, ko ya zaro, zobe da ƙugiyar jaka ma haka za su yi masa. Ku ja shi da hannu biyu ku saki. In bai koma yadda yake ba, zai yi jaka a tsakiyar mazauni. Ku naɗa farin hankici mai ɗan danshi a yatsa ku goga sau goma. In ya ɗauko launi, haka zai yi wa farar shaddar maigida ranar Juma'a. Sannan ku goga yadin da ɗan'uwansa na ɗan lokaci, ku ga ko ƙananan dunƙulen gashi za su tashi.

Wanda ya tsallake waɗannan, kada ku saya tukuna. Ku ce, "Alhaji, don Allah a ɗan yanko mini ƙyalle in gwada a gida." Zai iya cewa, "Haba Hajiya, wannan ai ba ya zuba, shi kowa ke ɗauka." Ku yi masa godiya, ku ce a yanko kwatan yadi ku biya. Kuɗin kwata ba komai ba ne a kan kuɗin yadi tara.

7. Gwaji a gida

Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, alhali shi ne ke raba gardama.

Ku raba ƙyallen gida uku. Na farko ku shimfiɗa shi kan guntun soso ko naɗaɗɗen tawul, ku ɗiga manja, zoɓo da shayi mai madara, kowanne a wuri biyu. Layi ɗaya ku bar shi minti goma sannan ku goge. Ɗaya layin ku bar shi ya kwana, domin a gida mai yara ba kowane tabo ake gani nan take ba, wani sai da safe. Ku lura da abin da ɗigon ke yi a daƙiƙun farko. A kan yadi mai kyau zoɓon zai tsaya dunƙule kamar ƙwayar tsakiya, yana ba ku lokacin ɗauko tsumma. A kan mara kyau kafin ku ƙifta ido ya nutse ya bazu. Da safe ku goge na kwanan da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ku bar shi ya bushe, sannan ku duba a hasken rana.

Yanki na biyu ku ajiye shi a bakin taga inda rana ke bugawa, ku rufe rabinsa da kwali. Bayan mako ɗaya zuwa biyu ku buɗe. In har an fara ganin bambanci, wannan ba zai yi kusa da taga ba.

Na uku don sanin zaren ne, in kuna shakkar abin da aka faɗa muku. Ku zaro 'yan zaruruwa ku riƙe da filaya ku kusanta da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta yana narkewa ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri.

Gargaɗi: gwajin wuta a waje ake yi, kan farantin ƙarfe, da ruwa a kusa, yara ba sa wurin. Narkakken zaren roba yana manne wa fata ya ƙona.

8. Kuɗi da saye

Farashi yana motsi kusan kowane wata, don haka ku rubuta jerin abin da za a kashe, ku tambayo kowanne a shago biyu ko uku: yadi, soso, farar faiba da ake shimfiɗawa tsakanin soso da yadi, baƙin yadin rufe ƙasa, gam da sitefil, kuɗin aiki, da kuɗin kai kujeru da dawo da su. Wajen mai aiki, ku tambaya ƙarara ko farashinsa ya haɗa da soso da faiba, don a nan rigima ta fi tashi.

Inda bai kamata a matse hannu ba shi ne yadin kansa. A ce wani naira 6,000 ne yadi, wani 10,000. A yadi uku bambancin 12,000 ne, wato 2,000 kowace kujera. In mai arhar ya mutu da wuri, za ku sake sayen yadi, ku sake biyan aiki, ku sake biyan dako.

A kula: ku sayi duka a lokaci ɗaya daga bandir ɗaya. Bandir biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya bambanta a rini, ba za ku gani ba sai kujerun sun jeru. Kuma a warware yadin gaba ɗaya a gabanku kafin a sa almakashi, ku duba tabo, tsinkakken zare, da layin koɗewa a wurin ninki.

9. Ɗora yadin

In mai aiki za ku ba, ku ce ya gama kujera ɗaya tukuna ku gani. Ku zauna a kai, ku shafa kusurwoyi, ku kifa ku ga ƙasan. Ku gaya masa ya sa faiba, domin ita ke hana soso cin yadi, ita ce kuma ke ba mazauni siffa mai kyau. Ku ce ragowar yadi a dawo muku da shi.

In da kanku za ku yi, kuna buƙatar sukudireba, filaya, almakashi mai kaifi, alli, da bindigar sitefil da 'ya'yanta masu tsawon milimita 8 zuwa 10. Ku kwance allon, ku sa lamba a ƙasansa da jikin kujerarsa don kowanne ya koma gidansa. Ku ciro tsofaffin sitefil duka. Tsohon yadin kada a yar, shi ne ma'aunin yankan sabo. Ku kifa yadi a ƙasa, faiba a kai, sai soso, sai allo. Ku buga ɗaya a tsakiyar gaba, ku ja ku buga a tsakiyar baya, sannan tsakiyar hagu da dama. Daga nan ku riƙa tafiya zuwa kusurwa, gefe da kishiyarsa, kuna ja daidai wa daida. Kusurwoyi su ne na ƙarshe: a ninke su lafiya, a rage cunkoson yadi da almakashi, a buga. Sai baƙin yadi ya rufe ƙasa.

Gargaɗi: karammiski da suwed gashinsu yana da inda ya kwanta. Kafin yanka, ku shafa da hannu ku gane, ku zana kibiya da alli a bayan kowane yanki, duk su fuskanci gaban kujera. In aka juya ɗaya, zai fito kamar wani launi daban. Kuma kada yadi ya rufe hujin sukuru, a ɗan yanke wurin.

10. Bayan an jera su

In abu ya zuba, a danna da busasshen tsumma ya tsotse, kada a dirza, dirzawa tura shi ciki take yi. Zoɓo da shayi, ruwan sanyi da ɗan sabulu, ana gogewa daga bakin tabon zuwa tsakiya. Manja kuwa a fara kwashe shi da cokali, a barbaɗa garin sitaci ko hoda ya tsotse na kamar rabin awa, a kakkaɓe, sannan a bi da sabulun wanke-wanke. Bilic da kananzir kada su kusanci yadi ko leda. Duk wani sabon magani, a fara gwada shi a ragowar ƙyallen da kuka ajiye.

Da hunturu a riƙa bi da buroshi mai laushi sau biyu a mako, kafin ƙura ta haɗu da maiƙon hannu ta zama dauɗa. Kujerar da ke kusa da taga da wadda aka fi zama a kai, a riƙa musanya musu wuri da sauran duk bayan wata biyu ko uku, don su tsufa tare. Ragowar yadin kuma a naɗe shi, kada a ninke, a sa a leda a ajiye inda rana da laima ba sa kaiwa, tare da 'yar takarda mai ɗauke da sunan shagon da lambar yadin.